Cinikin Biri A Sama: Sayen Sabon Gida A Hannun Kamfani

Babu burin da ya fi zama a zuciyar ma'aikaci kamar ya rabu da gidan haya, ya shiga nasa na kansa tun ƙarfinsa bai ƙare ba. A da mutum yakan nemi fili, ya kira magini, ya tsaya a kansa har a ɗora rufi. Yanzu kuwa, musamman a Abuja tun da Gwamnatin Tarayya ta koma can cikin Disamba 1991, wani irin ciniki ya yawaita. Kamfani yakan sami makeken fili, ya zana gidaje a takarda, ya ce a kawo kuɗi kashi-kashi, in an gama gini a miƙa wa kowa makullinsa. Mun ga ya kamata mu nuna wa masu karatu inda ramukan wannan hanya suke, gama cikin masu faɗawa har da malaman makaranta da akawuna waɗanda suka yi shekaru suna tari.

Rami na fari shi ne jinkiri. Sau da yawa da kuɗin masu saye ake yin ginin, watau su ne suka ba kamfani jari, amma ba su da iko a kan yadda zai kashe. Kadan kaya suka yi tsada sai aiki ya tsaya. A farkon 2024 buhun siminti, wanda ake saya wajen naira 5,000 a shekarar da ta gabata, ya haura naira 10,000 a wurare da dama. A irin wannan hali ne ake aiko wa mutum takarda a ce ya yi ciko, ko kuwa a mayar masa da kuɗinsa bayan darajarsu ta zube. Ga shi kuma har yanzu yana biyan haya.

Na biyu shi ne algus. Fenti yana rufe abu da yawa. Mai saye ba ya nan sa'ad da aka cika wa bulo yashi, ko aka sa siririn rodi a gurbin mai kauri. Sai damina ta sauka sa'an nan kwano ya fara yoyo, bango ya tsage, danshi ya hau daga tushe. Hanya da kwalbati da ruwan famfo da aka yi alkawari kuma, sai a wayi gari mazauna unguwa ne ke karo-karo su yi da kansu.

Amma rami mafi zurfi shi ne na takarda. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna. Abin da mutum ke samu izinin zama ne, yawanci na shekara 99, ba shi kuwa da ikon sayar wa wani sai Gwamna ya yarda. A Abuja dokar 1976 ta mai da ƙasar duka ta Gwamnatin Tarayya, Ministan birnin ne ke ba da fili, ba ƙaramar hukuma ko dagaci ba. To, wasiƙar da kamfani ke ba mai saye, mai cewa an ba shi gida lamba kaza, ba ita ce takardar shaidar mallaka ba. In tushen filin ba shi da kyau, ko an yi gini ba da izini ba, motar rusau ba ta tambayar wanda ya biya. Mutanen Abuja sun ga haka ƙwarai tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i ke Minista. Har ma'aikacin da ake yanke wa kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa domin asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, zai tarar rancen asusun yana bukatar ingantacciyar takardar gida a matsayin jingina.

Saboda haka shawararmu ita ce, kada kowa ya ba da ko kwabo sai lauyansa, ba na kamfani ba, ya bincika filin a ofishin filaye, wanda a Abuja ake kira AGIS. A nemi ganin izinin gini. A rubuta ranar miƙa gida, da abin da kamfani zai biya in ya saɓa. A riƙa biya gwargwadon yadda aiki ya tashi, a riƙe wani kaso har damina ɗaya ta wuce. A je unguwar da kamfanin ya gina a baya, a tambayi mazaunanta, gama gani ya kori ji. Kamfanin da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa ya riga ya faɗi halinsa, sai mai kuɗi ya riƙe abinsa ya nemi wani.