"Da sauƙi": kalmar da ke ruɗa baƙin Galmi

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya asibitin Galmi, tsakanin Ƙonni da Madawa, ya ga matasan nan Turawa ƴan sa-kai. Mishan ɗin SIM ce ta buɗe asibitin a 1950, kuma bangaskiyarsu ce ke kawo su.

Zafin watan Afirilu kan jigata su, sauron damina ma haka, amma waɗannan da sannu suke sabawa. Tuwon hatsi kuwa, wasu har ƙari suke nema.

Inda aikin yake shi ne magana. A can garinsu, lokotoro yana zama sai ya tambayi ciwo. A nan sai an yi ina kwana, ina gajiya, ina gida, kafin tsohuwa ta buɗe baki. Ga kuma "ya jiki?" Mu dai "da sauƙi" muke cewa, ko da mutum bai iya tashi zaune. Baƙon da ya koyi Hausar a takarda sai ya ɗauka magani ya ci. Haka in ya tambayi mace sunan ɗanta na fari ta sunkuyar da kai, bai san kunya ce ba.

To, mu masu jinya, bayan "da sauƙi" mu ƙara bayani: kwana nawa da zazzaɓin, ya ci abinci ko bai ci ba, wane magani aka sha a gida, har na gargajiya. Ƴan uwanmu na waje, in kun bugo waya gida, ku tuna musu.