Sabuwar Mota Amana Ce: Yadda Za A Wanke Ta A Gida Ba Tare Da Ɓata Fenti Ko Ɓarnar Ruwa Ba

Da sunan Allah muke farawa, muna gode masa a kan ni'imominsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani ɗan uwa a nan Garwa ya tare mu bayan karatun Asuba da tambayar da ta sa wasu ɗalibai murmushi. Ya ce Allah ya hore masa mota bayan tari na shekaru, ko wata uku ba ta yi ba, amma idan rana ta haska ta sai ya ga fentin ya cika da siraran zane kamar saƙar gizo-gizo, alhali kullum da safe yaronsa yana goge ta. Yana son ya san inda kuskuren yake, kuma ko yawan kula da mota yana cikin son duniya da aka zarga. Muka ga tambayar ta cancanci amsa a rubuce, domin ta haɗa dukiya da ruwa da haƙƙin maƙwabci, kuma shari'a ta yi magana a kan kowanne.

Kula da abin hawa ba laifi ba ne

A Suratun Nahli, aya ta 8, Allah ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a matsayin abin hawa kuma abin ado, wato ya lissafa adon ma cikin ni'ima. A hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Muslim ya ruwaito, da wani ya ji tsoron kada son tufa mai kyau da takalmi mai kyau ya zama girman kai, Annabi (SAW) ya bayyana masa cewa Allah yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Hadisin Mugira ɗan Shu'uba kuma, a Bukhari da Muslim, ya sa tozarta dukiya cikin abubuwan da Allah yake ƙi. Saboda haka wanda ya bar motarsa ta ƙone a rana, tsatsa ta cinye ta, da sunan gudun duniya, bai fahimci zuhudu ba. Abin zargi shi ne mota ta shagaltar da mutum daga salla, ko ta sa ya riƙa kallon mai tafiya a ƙasa a wulaƙance.

Mene ne fentin, kuma me yake cin sa a ƙasarmu?

Fentin mota hawa-hawa ne. Akwai shafen farko da yake kare ƙarfe daga tsatsa, sai mai launi, sannan a sama wani shafe garai-garai marar launi, wanda shi ne yake ba da sheƙi. Duka kaurinsu bai wuce na takarda ɗaya ko ɗaya da rabi ba, na saman kuwa bai kai kaurin takarda ba. Idan ya cinye, ba ya tsirowa, sai dai a sake fesa wani.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso mana ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi. A cikin ƙurar nan akwai ɓarɓashin yashi da ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Duk wanda ya sa busasshen tsumma ya goge motar da ƙura ta lulluɓe, daidai yake da wanda ya goga mata takardar yashi ta kafinta. Kuskuren yaron ɗan uwanmu ke nan, kuma da kyakkyawar niyya ya yi shi.

A Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, jikin baƙar mota kuwa ya fi haka zafi ƙwarai. Hasken rana yana kashe sheƙin saman a hankali, shi ya sa za ka ga rufi da boneti su ne suke fara kodewa suna ɓarewa. Muna gudun rana mu fake a ƙarƙashin dogon yaro, sai mu gamu da kashin tsuntsu da na jemage da 'ya'yan itace. Kashin tsuntsu yana da tsami, idan ya bushe a kan fenti mai zafi yakan bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Da damina kuma laka tana maƙalewa a ƙarƙashin mota da cikin mazaunin taya, ta riƙe danshi, tsatsa ta fara daga inda ido ba ya gani. Ga kuma fetur ɗin zuwa-zuwa da ake ɗurawa daga kwalba a bakin titi, wanda yakan dalalo a gefen tanki ya ci fentin wurin.

Yadda ake wankin

A zaɓi sanyin safiya bayan an dawo daga masallaci, ko yamma liƙis, a cikin inuwa, jikin motar yana da sanyi. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, idan suka bushe a kan ƙarfe mai zafi sai su bar farin ɗigo-ɗigo.

A tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. A fara kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa da kofi ko buta, kafin hannu ya taɓa motar, domin ruwan ya tafi da yashin. Sannan a tsoma tsumma mai laushi a ruwan sabulu, a wanke ɓangare guda, a ɗauraye tsumman a bokiti na biyu, a matse, kafin a mayar da shi cikin sabulu. Hikimar ita ce yashin ya zauna a gindin bokiti na biyu, kada ya koma jikin mota. A riƙa jan hannu a miƙe, ba tare da dannawa ba, ana saukowa daga sama, domin ƙasan ƙofofi ya fi ko'ina datti. Tayoyi a ware musu nasu tsumman da nasu ruwan. Tsumman da ya faɗi ƙasa kuwa a ajiye shi sai an wanke.

Mafi kyawun tsumma shi ne mai gashi-gashin nan da masu kayan mota suke sayarwa, in babu shi a nemi tsohuwar rigar auduga mai laushi wadda ba ta da maɓalli. Soson buhu da soson wanke tukunya ba su da wuri a nan. Garin sabulun wanki irin su Omo an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufa, saboda haka yana wanke kakin da ke kare fenti, yana kuma busar da robobin ƙofa da na gilashi. Sabulun ruwa na mota ya fi, kuma murfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti. Bayan ɗauraya a tsane ruwan nan take da wani tsumma mai tsabta.

Kashin tsuntsu ba a jiran ranar wanki da shi. A ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma na 'yan mintuna har ya yi laushi, a ɗauke shi, kada a kankare. Kwaltar da mota takan kwaso a hanyar Ngaundare ko ta Marwa tana fita da ɗan kananzir a tsumma, amma a bi wurin da sabulu da ruwa nan da nan. Kada a watsa ruwa cikin inji, motocin yanzu cike suke da wayoyi da na'urori.

Kariya bayan wanki

Kakin goge mota yana zama garkuwa tsakanin fenti da rana da ƙura. Ana shafa shi siriri a kan mota mai tsabta, busasshiya, a inuwa, a bar shi ya yi hazo, a goge. A irin zafinmu ba ya daɗewa, alamar ƙarewarsa ita ce ruwa ya daina dunƙulewa a kan boneti. A bambanta shi da man gurza fenti, wanda yake fito da sheƙi ta hanyar cin saman fentin, wannan ba na kowane wata ba ne. Mafi yawan motocin da muke kira sababbi sun yi aiki a Turai kafin su sauka a tashar Duwala, wasu kuma an sake fesa musu fenti. Fentin kamfani an gasa shi, ana iya sa masa kaki tun ranar farko. Wanda aka fesa a gareji kuwa a ba shi wata ɗaya zuwa uku ya gama bushewa. Rumfar kwano ko ta zana a tsakar gida ta fi kowane kaki amfani. Tamfol kuma ba a lulluɓa shi a kan mota mai ƙura, domin iska za ta riƙa goga shi a jikinta.

Haƙƙoƙin da ke rataye da wankin

Na farko ruwa. Anas ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, wanda bai kai lita ɗaya ba, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Allah kuma ya hana almubazzaranci a Suratul A'araf, aya ta 31. Kasancewar muna zaune a bakin kogin Binuwai bai sa ruwa ya wadaci kowa ba. Mun san unguwannin da mata da yara suke layi da jarka a lokacin bazara. Bokiti uku ko huɗu sun isa ƙaramar mota, tiyon da aka bari yana zuba kuwa yakan zubar da fiye da haka cikin mintuna kaɗan. Mai wanke mota da tiyo alhali maƙwabcinsa bai sami na girki ba, ya binciki zuciyarsa.

Na biyu hanya. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, to yaya wanda ya kwararo ruwan sabulu a lungu ya ɓata tufafin masu zuwa masallaci, ya bar kududdufin da sauro zai hayayyafa? A tsayar da motar inda ƙasa za ta shanye ruwan a cikin gida. Haka nan kada a shigar da mota cikin kogi, domin baƙin mai da sabulu suna gangarawa ga masu sha da masunta.

Na uku ladan mai aiki. Idan almajiri ko yaron unguwa ne ya wanke, a yanke masa lada kafin ya fara, a biya shi da ya gama. Hadisin Bukhari ya sa wanda ya ci guminsa cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama. A koya masa yadda ake yi, maimakon a zage shi bayan ya karce.

Ɗalibai kuma su riƙe waɗannan mas'aloli. A mazhabar Malikiyya kashin tsuntsun da ake cin namansa mai tsarki ne, sai fa in yana cin najasa, don haka taɓa shi a wajen wanki bai hana salla ba. Motar da mutum yake hawa babu zakka a kanta, saɓanin wadda ya saya don sayarwa. Ranar da za a sayar da ita kuma, halal ne a wanke ta a gyara, amma rufe tsatsa ko wurin haɗari da fenti a ɓoye wa mai saye algus ne, kamar mai abincin nan da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa Annabi (SAW) ya tsawatar masa. Muna kuma ba da shawarar a guji liƙa ayoyi a jikin mota ta waje, inda laka da ruwan datti suke bi ta kansu. Tsarin mota yana cikin addu'ar hawa da ke Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da ta 14, da tuƙi cikin natsuwa, ba a laya ko zubar da jini a kan taya ba.

Ɗan uwanmu mai tambaya mun ce masa ya sayi bokiti na biyu, ya kafa rumfa, ya kuma riƙa rage wa tsofaffin unguwa hanya ranar Juma'a, wannan ma godiyar ni'ima ce.

Allah ya sanya albarka a abin da ya ba mu, ya tsare mu daga haɗarin hanya, ya hore wa wanda bai samu ba. Allah ne mafi sani.