Katangar da ke Cikin Caja: Yadda Za Mu Tsare Kanmu daga Jan Wuta

'Yan uwana mata, a cikin ƙungiyoyinmu da yawa akwai waɗanda suka karɓi rance daga asusu suka fara sana'ar cajin waya. Sana'a ce mai kawo ciniki kullum, musamman ranar kasuwa. Amma ina so mu san abin da ke cikin wannan ƙaramar cajar da muke riƙewa safe da yamma, domin ta nan riba take shigowa, kuma ta nan hatsari yake iya shigowa.

Ana auna ƙarfin wutar lantarki da ma'aunin da ake kira bolt. Wutar NEPA tana zuwa da bolt wajen 230, haka ma ta janareta da ta inbata. Wannan ƙarfin ya isa ya kashe babban mutum. Ita kuwa wayar hannu yawanci bolt 5 kacal take buƙata. Aikin caja shi ne ta rage waccan babbar wuta ta mayar da ita ƙarama.

To yaya take yi? Cikin caja kamar gida ne mai ɗaki biyu. Ɗaki na farko shi ne wajen ƙafafun da ake cusawa a soket. A nan wutar takan taru har ta haura bolt 300, sannan wata ƙaramar na'ura ta riƙa kunna ta tana kashewa sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya. Ɗaki na biyu shi ne wajen igiyar da ke shiga wayarki. Tsakaninsu akwai ɗan taransfoma mai naɗin tagulla biyu waɗanda ba sa taɓa juna. Ƙarfin yana tsallakawa ne ta hanyar maganaɗisu, ita kuwa wutar mai kisa tana tsayawa a ɗakinta. An sa leda ta musamman tsakanin naɗin biyu, an kuma bar fili a kan allon cajar mai kimanin tsawon ƙwayar shinkafa. Wannan ledar da wannan filin su ne katangar da ke tsakanin hannunki da wutar NEPA.

A nan ne cajar bogi take cutar mutane. Masu ƙera ta don su rage kashe kuɗi sai su sa leda siririya, su matse filin har ya kusa haɗuwa. Tana yin caji lafiya ƙalau, shi ya sa ba a gane ta da ido. Amma ranar da laima ta shiga, ko ƙura ta taru, ko zafi ya narkar da ledar, sai katangar ta faɗi. Daga nan duk ƙarfen da ke jikin wayar ya zama tamkar an tsoma yatsa a soket. A shekarar 2014 wata mata ta rasu a ƙasar Ostareliya tana amfani da wayarta a jone da irin wannan caja, har hukuma ta gargaɗi jama'a a kan sayen ta. Da gaskiyar masu iya magana: araha ba ta ado.

Ga abin da nake roƙon kowace mai wannan sana'a ta riƙe. Ki sayi caja a shagon da kika sani, wanda za ki iya mayar masa da kaya. Idan kika ji ta sakayau a hannu, ko rubutun jikinta ya dame, ko ƙafafunta suna girgiza, ki ajiye ta. Wadda ta tsage, ko take zafin da ba ya riƙuwa, ko take wari, ko take tsikarar hannu, aikinta ya ƙare. Kada ki ɗaure ta da tsumma ko selotef. Kada kuma a bar yaro ya fasa ta wai zai gyara, domin akwai wani ɗan tulu a cikinta da ke riƙe wuta ko bayan an zare ta daga soket.

Ruwa da lantarki ba sa shiri. Idan kin taso daga wanke-wanke ko alwala, ki goge hannu tukuna. Ki sa silifas na roba, kar ki tsaya da ƙafa ba takalmi a jiƙaƙƙen ƙasa. Teburin caji ya zama a sama, nesa da randa da hannun yara, ba kuma ƙarƙashin inda rufi ke yoyo da damina ba. Kada a amsa kira waya tana jone, kuma kada a kwana da ita a ƙarƙashin matashi.

In tsautsayi ya faɗa wuta ta riƙe wani, kada ki taɓa shi, don za ta haɗa da ke. Ki kashe makunni ko janareta nan take. In ba hali, ki tsaya a busasshen wuri ki ture igiyar da busasshiyar sanda ko taɓarya, ban da ƙarfe. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko ruwa, zai iya shaƙewa. A garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, domin wuta takan taɓa bugun zuciya.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce, duk wadda za a ba rancen cajin waya, a sa kuɗin caja masu kyau da soket mai makunni cikin lissafin jarinta tun farko. A taron mako kuma a ware 'yan mintoci kowa ta kawo cajarta a duba tare, wadda ta lalace a fitar da ita daga gida. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya sa albarka a neman da muke yi.