Ina Masu Kaɗi Suka Shiga?

Duk wanda ya ga babbar rigar saƙi a jikin basarake ranar Salla, abin da ya kan fara yabawa shi ne aikin maɗinki, aska takwas ko aska biyu da aka zuba a gaban rigar. In ya ƙara dubawa ya yabi marini da mai bugu, sa'an nan masaƙi. Amma da wuya ka ji wanda ya tuna da wadda ta fara aikin tun daga tushe, watau matar da ta zauna cikin gida ta mai da auduga zare. Labarinta mu ke so mu ba masu karatu yau, domin cikin dukan masu wannan sana'a ita ce ta fara ɓacewa, kuma ba a lura ba.

Bari mu fara bayyana yadda aikin ya ke, sabo da yaran da suka tashi ba su tarar da shi ba. In an ɗebo auduga daga gona da kaka, sai mace ta ɗora ta kan magurji, wani dutse mai faɗi, ta murza ta da siririn ƙarfe har angurya ta fita. Wannan shi ne gurza. Daga nan sai shiɓa: ta ɗauki ɗan baka ta riƙa taɓa tsirkiyarsa cikin audugar har ta warware, ta yi laushi, datti ya zube. Sa'an nan ta naɗa ta a ɗan kara, ta riƙe da hagu, ta ɗauki mazari da dama. Mazarin nan ɗan tsinke ne wanda aka sa wa gululu na yumɓu daga ƙasa domin ya yi nauyi ya daɗe yana juyawa. Ta kan dangwali alli, wanda a kan yi da ƙonannen ƙashi, don kada yatsu su yi santsi. Da hannu ɗaya tana jan auduga, da ɗaya tana murza mazari, har zare ya cika shi. Kayan aikin duka cikin 'yar taskira guda su ke shiga.

Zaren kuwa iri biyu ne. Akwai siriri mai tauri wanda aka murɗe ƙwarai, shi a ke yin wadari da shi, domin shi zai jure wa ja da gugar matsefi. Akwai kuma abawa, mai kauri da laushi, wadda a ke sa wa cikin ƙoshiya ta riƙa ratsa wadarin. Waɗansu matan har tsamiya su kan kaɗa, watau alharinin daji da wata tsutsa ke saƙawa a jikin itace, wanda sai an dafa shi da toka kafin ya kaɗu. Aiki ne na haƙuri ƙwarai. Abin da masaƙi zai cinye a yini guda, mata da yawa ne za su yi kwanaki suna kaɗa shi. Don haka a da kusan kowane gida akwai mazari, 'yan mata na koyo wurin kakanninsu, da dare a kewaye fitila ana kaɗi ana tatsuniya. Ran kasuwa a aiki yarinya ko dillaliya da zaren. Kuɗin na mai kaɗin ne, ba na maigida ba, da shi ta ke yin biki, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

Kada wani ya ɗauka ƙaramin abu ne. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya sauka Kano. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, ta yamma kuwa har Tambutu, inda ya ƙiyasta ana kai kayan raƙumi 300 kowace shekara. Ya ƙiyasta kuma dukan tufafin da ƙasar ke sayarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne, ba cikin manyan ma'aikatu a ke wannan aiki kamar na Turai ba, cikin gidaje a ke yinsa, iyali na cin abinci ba tare da sun watse ba. To, kowane taƙi na wannan tufa, daga turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa har zuwa farin sawaye, sai da ya bi ta tsakanin yatsun wata mace.

Da Turawa suka zo, audugar ce suka fara sa wa ido. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa wata ƙungiya a Mancesta domin neman auduga daga ƙasashen da ke ƙarƙashinsu, ita ce wadda manoma suka sani da Bisije. Ta kakkafa injunan gurza, na Zariya da Funtuwa na cikin waɗanda suka yi suna. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka kuma kawo irin audugar Amurka mai suna Allen a 1912. An sa ran auduga za ta riƙa kwarara zuwa Ingila, amma a ƙasar Kano ba haka abin ya zama ba. Masu kaɗi da masaƙa sun fi Bisije sayen auduga da tsada, manoma kuwa suka ga gyaɗa ta fi riba wajen sayar wa kamfani. Watau a karon farko mazari ya yi kokawa da injin Ingila, bai faɗi ba.

Abin da ya kā da shi, zaren inji ne. Sa'ad da zaren kanti ya yawaita, mai araha, mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, masaƙi ya ga ba shi da dalilin jiran mai kaɗi. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, waɗansu kuma suka biyo baya, har unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata dubbai. Akoko da atamfa suka wadata, talaka ya sami sutura da sauƙi. Wannan alheri ne, ba mu musa ba. Amma a dubi yadda nauyin ya faɗi. Masaƙi ya ci gaba da saƙa da zaren inji. Marini ya koma rina yadin kanti, shi ya sa har yau a kan ga masu aiki a marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke cewa an kafa ta tun 1498. Maɗinki ya mai da allurarsa kan shadda. Kowa ya sami abin da ya maye gurbin kayan aikinsa, ban da mai kaɗi, domin ita aikin nata ne kansa aka maye.

Masaƙun da suka karɓe aikin su ma ba su dawwama ba. Rashin wutar lantarki, da tsadar mai, da tsufan injuna, da yadin waje mai araha da ke shigowa, musamman daga ƙasar Sin, suka taru suka durƙusar da su. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, babbar maƙwabciyarta UNTL ta tsai da aiki a 2007. Aka wayi gari ba mazari, ba inji, ƙasar da ta tufatar da Tambutu tana sayen zane daga ƙetare.

Akwai darasi a wata ƙasa. A Indiya, Mahatma Gandi ya mai da kaɗin hannu alamar neman 'yanci, ya kafa ƙungiyar masu kaɗi a 1925. Bayan sun sami mulkin kai, a 1957, shekarar da mu muka buɗe masaƙar Kaduna, gwamnatinsu ta kafa hukuma ta musamman mai kula da tufar hannu da sana'o'in ƙauye. Ba su ƙi inji ba, masaƙunsu na cikin manya a duniya. Abin da suka ƙi shi ne a bar na hannu ya mutu.

Ba mu ce mata su koma kwana kan mazari domin abin da bai taka kara ya karya ba. Tufar hannu ba za ta yi gasar araha da ta inji ba har abada. Amma tana da abin da inji ba shi da shi. Zaren hannu ya fi shan baba, ya fi laushi a jiki, ga kuma ɗan rashin daidaiton nan nasa wanda ke ba saƙi kyan gani. Masu nemansa suna nan, a fada da wajen masu sayen kayan gargajiya na gida da na waje, kuma za su biya in sun tabbata na gaske ne. Abin tsoro shi ne, mafi yawan waɗanda suka iya tsofaffi ne, kuma kaɗi ba a koyonsa daga littafi, sai hannu ya ga hannu.

Nan ne maganar ta zo kan malaman makaranta da akawuna, domin ku ne kuka san ƙauyuka gida gida. Malami na iya gayyatar wata tsohuwa ta zo da taskirarta sa'ar aikin hannu, a biya ta ladanta kamar kowane mai koyarwa. Yana iya sa almajiransa su tambayo kakanninsu sunan kowane kayan aiki da kowane irin zare, a rubuta a ajiye, domin kalmar kan mutu tare da abin. Akawu kuwa, sa'ad da a ke lissafin masu sana'a a gunduma, kada ya tsaya ga maƙera da masaƙa da ke bakin hanya, ya tambayi na cikin gida. Wanda ba a rubuta sunansa ba, ba a tunawa da shi ran rabon taimako. Mai hali kuma, in zai ɗinka rigar saƙi, ya tambaya ko zaren hannu ne, ya kuma yarda ya biya bambancin.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tsofaffin nan suna tare da mu yau, mazaransu na cikin taskira a bayan gado. In mun je mun tambaye su, za su nuna mana da murna. Allah ya sa mu je tun suna nan.