Asfarajines: Yaƙar Sankarar Jini da Yunwa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan asfarajines, ɗaya daga cikin ginshiƙan magungunan sankarar jini mai saurin tsananta, nau'in da ya fi kama yara, sannan ta dubi sharuɗɗan cin moriyarsa a gari irin Potiskum.

2.0 Cutar

A ɓargo cutar take farawa, inda fararen ƙwayoyin jini da ba su ƙosa ba suke hayayyafa har su danne lafiyayyu. Sai a ga yaro ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi sauka, dasashi yana jini, ƙasusuwa suna ciwo. Waɗannan alamu sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro ko sikila, don haka akan ɓata makonni ana maganin wata cutar daban.

3.0 Aikin Maganin

Asfarajines enzayim ne, wato furotin mai hanzarta farfasa wani sinadari. Sinadarin da yake farfasawa a cikin jini shi ne asfarajin, ɗaya daga cikin tubalan gina furotin. Lafiyayyun ƙwayoyin jiki suna iya ƙera nasu asfarajin, amma na sankarar sai dai su tsinta daga jini. Idan maganin ya ƙarar da shi, yunwa ce take kashe su.

A 1953 John Kidd ya lura cewa ruwan jinin ɓeran Masar yana rage girman ƙarin sankara a jikin ɓeraye. A 1961 John Broome ya gano cewa asfarajines ne sirrin. Daga baya aka riƙa samo shi daga bakteriya, Amurka kuma ta amince da shi a 1978. Ba a ba da shi shi kaɗai, kuma yakan taɓa hanta ko ya sa jini ya daskare, don haka dole likita ya sa ido.

4.0 Potiskum

Tabbatar da cutar yana buƙatar gwajin ɓargo, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko na Aminu Kano. Jinyar takan ɗauki shekara 2 zuwa 3. Sannan zafi yana lalata furotin: ana ajiye maganin a ma'aunin Salsiyos 2 zuwa 8, alhali zafin Afrilu a Potiskum yakan haura 40. Kwalbar da ta wuni a bayan mota ba ƙanƙara tana iya isa asibiti ƙarfinta ya ragu, ido kuwa ba zai gane ba.

5.0 Kammalawa

A ƙasashe masu arziki kusan yara 9 cikin 10 masu wannan cuta suna rayuwa. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin ceto kashi 60 cikin 100 na yara masu sankara nan da 2030. A Potiskum, kusantar wannan buri ya dogara ga gwajin jini da wuri, firijin da wutarsa ba ta yankewa, da tallafin da zai hana iyaye katse jinya a tsakiya.