Daga randar Gude zuwa maɓulɓular Abuja: yadda yumɓu ke sarrafa ruwa

A wasu gidajen Maitama da Asokoro, akan tarar da maɓulɓular ruwa ta gasasshen yumɓu a tsakar gida, kwano bisa kwano, ruwa na gangarowa cikin salon tsoffin lambunan Italiya. Can ne garin Impruneta, kusa da Florence, ya shafe ƙarnoni yana gasa irin waɗannan kayan ado.

Sai dai haɗa ruwa da yumɓu a tsakar gida ba baƙon abu ba ne a Najeriya. A ƙasar Gude, cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu a jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara da ke iyaka da Kamaru, randa ce ke riƙe da wannan matsayi, kamar yadda take a sauran ƙauyukan Arewa. A wasu al'ummomin duwatsun, irin su Higi da Mafa, ginin tukwane sana'ar matan maƙera ce.

Sirrin randa yana jikinta. Yumɓun da aka gasa ba tare da an shafe shi da gilashi ba yana da ƙananan ƙofofi. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin, sai abin da ke ciki ya yi sanyi. Wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba ya yi amfani da ita a Jigawa, inda ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000.

Abin da ya zama alheri ga randa shi ne nauyi ga mai maɓulɓula. A lokacin hunturu da bazara ruwanta na saurin ƙafewa, kuma famfon lantarkin da ke juya shi yakan ƙone idan ya yi aiki a bushe. Idan kuma aka ɗauke wuta na kwanaki, ruwan ya kwanta, sauro na iya ƙyanƙyashewa cikin kimanin mako guda zuwa kwana 10. Don haka masu irin wannan ado su ajiye shi a inuwa, su toshe cikin kwanon da abin hana yoyo, su riƙa zubar da ruwan suna wankewa kowane mako.

Akwai kuma batun wanda zai amfana da kuɗin. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ta nuna wa duniya cewa tulun gargajiya na iya zama kayan ado. Ma'aikacin da ke shirin ƙawata gidansa zai iya bai wa maginan gida wannan aiki, a daidai lokacin da robobi ke ƙwace musu kasuwa.