Idon da ke Cikin Na'ura

Ɗalibanmu na aji shida da ke fatan shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Kwalejin Hassan Usman, ko sauran manyan makarantun da ke kan hanyar Dutsin-ma kusa da mu nan Batagarawa, dole su bi ta hannun JAMB. A wurin rajista kuwa, da ranar jarrabawa, akwai wani ɗan akwati mai gilashi da ake ɗora yatsa a kai. In ya ƙi karɓar yatsan, hankali ya tashi. Ya kamata mu san abin da ke cikinsa.

Na'urar ba ta gani yadda mu muke gani. Haske take aunawa. A cikin irin wadda ke aiki da haske akwai 'yar fitila da ke haska gilashin daga ƙasa, da kuma wani ɗan falle na silikon wanda bai kai farce girma ba. Silikon daga yashi ake tace shi. An rarraba fuskar fallen gida-gida, ƙanana ƙwarai, dubu bisa dubu. Haske in ya faɗa cikin gida, sai ya saki ƙwayoyin lantarki a wurin. Haske mai yawa, ƙwayoyi masu yawa. Sai a ƙirga abin da kowane gida ya tara, a mai da shi lamba. Jerin lambobin nan shi ne hoton.

Albert Einstein ne ya bayyana yadda haske ke sakin ƙwayoyin lantarki, a 1905. Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro fallen ɗaukar hoto da ake kira CCD a Amurka a 1969, aka ba su kyautar Nobel a 2009, bayan shekara 40 cif! A farkon shekarun 1990 Eric Fossum da abokan aikinsa a NASA suka haɗa gidajen hasken da masu ƙirgawa a falle guda. Wannan ya rage kuɗi da cin batir, shi ya sa yau kusan kowace waya na da kyamara.

To, mu koma ga yatsa. Fatarsa tana da tudu da kwari. Inda tudu ya manne da gilashi, hasken yakan watse, wurin ya fito baƙi. Inda kwari yake, iska ce tsakani, hasken ya komo wa fallen, wurin ya fito fari. Zanen yatsa ke nan. Sai dai mannewar tana bukatar ɗan danshi. Da hunturu fata kan bushe ta yi kaushi, ba ta zama sosai a kan gilashi, hoton ya fito dishi-dishi. Wanda kuma ya lafta man shafawa ya cike kwarin, sai na'ura ta ga dunƙule kawai. Ƙura a kan gilashi ita ma tana ɓata ƙirgar. Sau da yawa mukan ɗora wa na'ura laifi alhali maganin ɗan kaɗan ne: a goge gilashin da ƙyalle mai tsabta, a hura wa yatsa numfashi ko a ɗan shafa shi a goshi, sa'an nan a ɗora shi a shimfiɗe, ba da baki ba, kuma kada a danna da ƙarfi.